Kalmomin da Kaka Hajo Ta Tara

A Adabka, da an sallame magariba, Kaka Hajo kan hura wuta a gindin rumbu ta binne mana gyaɗa a toka. Tana da wata ɗabi'a. Duk baƙon da ya sha ruwa a gidanmu, mai tallar nono ce ko mai haƙar zinare daga Nijar, sai ya bar mata kalma uku na yarensu. Da yamma ta zuba su a bakin dabbobin tatsuniya.

"Ku zamna, ga ta nan tahe da ƙahwahunta," haka take buɗewa.

Wadda na fi so ita ce ta 'yan mata uku da suka ɓata a daji, ƙishi ya kama su. Suka ji murya bayan wata bishiyar kuka tana wani yare. Manyan biyu suka ruga, ba a sake ganinsu ba. Auta ta tsaya ta ce, "Mi kuka ce ma ruwa?" Ashe tsohuwar kunkuru ce, ta kai ta har bakin rijiya.

"Kaka, ba ta ji tsoro ba?"

"Ta ji mana, ja'ira! Gwiwa na kyarma, baki na tambaya."

Yaya Balki, ɗiyar kawuna, ita ta gaji halin Kaka na tara kalmomi. Yau malamar jami'a ce, aikinta kwatanta yadda harsuna ke gina kalma: Bafulatani ya mai da nagge na'i, mu mu mai da saniya shanu.

Watan jiya 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Gummi. Na kwanta cikin gonar gero ina jin suna kiran juna da Fillanci, yaren da Kaka ke mana waƙa da shi. Tun ranar, ko muryar mai nono na ji, sai in canza hanya. Har waƙoƙin Kaka na daina iya tunawa ban firgita ba.

Sai Yaya ta zo ɗaukar maganar Inna Dije, wata tsohuwar Bafulatana da ta gudo Gummi, ta ce in riƙe mata na'urar ɗaukar murya. Ina yarinya na ɗauka Auta jaruma ce. A ƙofar ɗakin Inna Dije na gane ba ta da wani zaɓi ne, ƙishi ya fi tsoro.

Tsohuwar na buɗe baki da Fillanci, na'urar ta hau rawa a hannuna. Ta dube ni, ta ɗora tafinta kan nawa, ta juya zuwa Hausa.

"Ke ma sun tare ki, ɗiyata? Ni ɗana suka ɗauka."

Haka muka riƙe na'urar mu biyu, har ta gama kiran sunayen shanunta ɗaya bayan ɗaya.