Muryar Baba a Falon Siminti

Babanmu bai yi boko ba, saboda haka idan ya tafi cin rani Abijan, kaset yake aiko mana. Yakan ari rediyon abokinsa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har jakin gidan sai ya tambayi lafiyarsa, sannan ya ba mai dawowa gida ya kawo garinmu Kanan-Bakashe. Ranar da kaset ya iso, Inna takan sayi sababbin pil, wato batir, mu cika ɗakinta na ginin ƙasa, kowa ya natsu. Muryar Baba tana da kauri da taushi, kuma a ɗakin nan takan fito kamar yana zaune a bakin gado.

Bayan rasuwarsa kaset ɗaya ya rage mana. Ni kuma na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, na gina gida irin wanda na daɗe ina mafarki: siminti, daɓen karo, wato tayil mai sheƙi, rufin kwano, tagogin gilashi. Da idanun Inna suka yi rauni na ɗauko ta. Na sa aka juye kaset ɗin a waya, na sayo manyan lasifika biyu, waɗanda muke kira bafil, don in ba ta mamaki. Ina ta cika baki tun kafin in kunna.

Abin da ya fito ya ba ni kunya. Muryar ta yi siriri, ta yi kaifi, duk inda Baba ya ce "sannu" sai ka ji tsiii a kunne kamar ana wasa wuƙa. Inna ta saurara kaɗan ta ce, "Wanga ba ubanku ba ne. Kashe abinka."

Daga baya matata ta gaya mini cewa Inna ta yi kuka a ɗaki. Ba ta zargi bafil ba, kanta ta zarga. Tana ganin tsufa ne ya cinye mata muryar mijinta, har ta kasa gane shi. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Na murɗa duk abin da ke murɗuwa. In na rage kaifin, Baba ya koma magana daga cikin tulu. In na ƙara, ya koma tsuwa. Na mayar da bafil wurin mai shago na yi masa faɗa, ya kunna a shagonsa mai cike da katifu da labule, sauti ya fito lafiya lau. Na kwaso kayana na dawo ina ƙunƙuni, ban fahimci komai ba.

Lokacin kaka ne ya warware mini. Ƙanena ya aiko da geron gonarmu a amalanke, ba wurin ajiya, muka jera buhunan a jikin bangon falo. Da yamma na kunna labarai a bafil ɗin, sai na ji muryar mai karantawa ta kwanta. Na tafa hannu. Da can falon yakan mayar mini da tafin da ƙara, yanzu ya haɗiye shi. Ashe bangona mai santsi ne ke ta jifan sautin yana dawo da shi.

Na shimfiɗa tabarmi a kan karon da nake taƙama da shi, na rataye saƙaƙƙen bargo a bangon da ya rage, na saki labule, na janye bafil daga kusurwa. Matata ta ce na kashe kuɗi na gina birni, ga shi na mayar da shi ƙauye. Ban musa ba.

Na riƙo hannun Inna na zaunar da ita, ban gaya mata komai ba, na kunna. Baba ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya tambayi uwar gida yaya take, yaya yara.

Inna ta gyara lulluɓinta, ta juya fuska wajen muryar.

"Lahiya lau, Malam," ta ce a hankali. "Sun girma duka."