Satumba ta Zo, Babu Manong Cleto

Ranar Lahadi, ashirin da huɗu ga watan Agusta, da hantsi, Allah ya karɓi ran Anacleto Sumagaysay, wanda muke ce wa Manong Cleto, wato Yaya Cleto, yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Ya dawo daga coci, ya tuɓe takalmi, ya zagaya bayan gida don ya watsa wa kajinsa tsaba, a nan zuciyarsa ta tsaya. Daga wurin Allah muka fito, wurinsa kuma kowa zai koma. Na san wannan tun ina yarinya, amma sanin bai hana ni kuka ba lokacin da aka bugo mini waya. Saura kwana takwas Satumba ta kama, Manong. Kwana takwas kacal, ka kasa jira.

Ni ce Remedios, wadda kake ce wa Meding mai surutu, mai gabatar da shirin safe a ƙaramin gidan rediyon garinmu. Shekara ashirin da bakwai ke nan, duk ranar ɗaya ga Satumba da ƙarfe shida na safe, ni ce nake danna maɓalli muryarka ta fita, gari ya san Kirsimeti ta shigo. Wa ke jiran Disamba a ƙasar nan? Daga wannan safiya sai a fito da fitilun taurari a rataya, a fara ƙidayar kwanaki, waƙarka kuma ba za ta huta ba sai an shiga Janairu. Na makara wajen rubuta wannan ta'aziyya, har ga shi gobe za a yi maka addu'ar arba'in. Kunya ce ta riƙe mini hannu. Na yi wa matarka, Manang Petring, wato Yaya Petring, laifi a kan waƙar nan, kuma ba zan iya yabonka ba tare da na faɗi laifin ba.

Kai da bakinka ka ba ni labarin yadda waƙar ta samu. Kana saurayi, kana kaɗa jita a wani otal a Sapporo, can wata ƙasar sanyi, kuna rera wa baƙi waƙoƙin Turawa na ƙanƙara da keken doki da wutar murhu. Ka ce mini, "Meding, mu da ba mu taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firiji muke rera ta har da hawaye. Ni da na gan ta ido da ido, ban ga abin waƙa ba. Yatsuna kawai ta kashe." A can ka zauna ka rubuta "Ku Bar Mini Kujerata", da harshenmu na Ilonggo: ɗa yana roƙon uwarsa kada a ba wani wurin zamansa a teburin Kirsimeti, ko da bai samu zuwa ba. Ka sa wainar shinkafar da ake sayarwa a ƙofar coci bayan sujadar asuba. Ka sa ƙamshin kwakwa da ganyen ayaba. Ka sa akwatin tsaraba da ke isowa kafin mai shi. Wane gida ne a tsibirin nan babu wani nasa a ƙasar waje? Shi ya sa ta shiga mutane, ta kuma ƙi fita.

Na daɗe ina tunanin abin da ke sa wata waƙa ta zama ta lokaci. Kowace shekara mawaƙan birni suna fito da sababbi, da kiɗan zamani da muryoyi masu daɗi, su yi tashe wata biyu, baɗi babu mai tambayarsu. Taka kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba ta fi su gwaninta ba. Kiɗanta ya tsufa, muryarka ma ta ɗan karye a baiti na biyu. Amma duk wanda ya ji ta bana, yana jin bara a cikinta, da bara waccan, da shekarar da uwarsa take raye, da shekarar da mijinta ya dawo. Ban da wannan ban san wani sirri ba, kuma ni ce na fi kowa sa ta a garin nan.

Kai kam gunaguni kake yi a kanta. Ka ce ka haifi waƙa sittin, ɗaya kawai ake tambayar lafiyarta. Daga Janairu zuwa Agusta kana shagonka kana gyaran rediyo da fanka, babu mai waiwayarka. Satumba na kamawa sai matan kasuwa su fara: "Manong Cleto, ka nuna ke nan? Kai kamar mangwaro ne, da lokacinka!" Sai ka ce musu, "Ku bari in wuce, mayaudara. A watan Yuni wace ce a cikinku ta ce mini sannu?" Su fashe da dariya, su cusa maka kifi a jaka. Duk da wannan ƙorafi ban taɓa ganin wanda ya roƙe ka ka rera ta ka ƙi ba, ko a bakin titi ne, ko a ɗakin marasa lafiya.

Alherin da ba zan manta ba shi ne na zamanin kaset. Kana da na'urar ɗaukar murya a bayan shago. Daga Oktoba mata suke layi su ɗauki saƙo zuwa ga mazajensu da 'ya'yansu a Jidda da Hong Kong da cikin jiragen ruwa, kai kuma kana gefe kana taɓa jita a hankali. Ba ka karɓar komai, sai in an matsa maka da ƙwai ko ayaba. Mijina Fidel ya yi shekara tara a teku. Shekarar da na yi ɓari na biyu na zo shagonka, na zauna gaban na'urar, maganar ta ƙi fita. Ni da nake cika wa gari kunne kullum safe. Ka dube ni, ka ce, "Yau kuma? Meding ta rasa magana? A kira Fada, limaminmu, ya rubuta wannan rana a littafin coci." Na tuntsire da dariya, hawaye na zuba, ashe na'urar tana ɗauka. Fidel ya ce dariyar nan ya fi saurare a duk kaset ɗin.

Haka kuma shekara goma sha ɗaya kana zuwa gidan yari duk Asabar kana koya wa fursunoni waƙa, ba wanda ya sa ka. Wasu daga cikinsu, da suka fito, su ne suka ɗauki akwatin gawarka.

To, ga laifina. A zaman makoki, Manang Petring tana zaune kusa da akwatinka, sai wayar wani ta yi ƙara, ashe waƙarka ya sa a matsayin kira. Ta miƙe da sauri, ta rufe fuska da mayafi, ta shige ɗaki. Duk muka kalli juna. Ban tambaye ta komai ba. A wurinmu ba ka tsare babba ka tambaye shi abin da ke ransa, sai dai ka karanta fuska ka yi abin da ya dace, ni kuma ina ganin babu wanda ya kai ni iya karanta fuska. Ɗaya ga Satumba ta faɗo daidai da ranar addu'ar kwana tara. Ƙarfe shida na buɗe shirin, na ce bana ba zan sa waƙar ba. Na ƙara da roƙon jama'a: na san gidajen rediyon birni za su sa, amma don Allah duk inda aka ga Manang Petring, a kashe.

Garin nan kuwa ya ji magana, abin da bai saba ba. Direbobin haya suna hango ta da baƙaƙen kayanta da lemarta sai su murɗe rediyo. Masu shago haka, mai aski haka, har mai sayar da wainar ƙofar coci. Ana tare ni a hanya ana cewa na kyauta, ni ma ina jin na kyauta. 'Ya'yanka biyu suka koma bakin aikinsu, Luningning Dublin, Isagani Doha, na ce musu su tafi da kwanciyar hankali, uwarsu tana hannunmu.

Ranar Talata, ashirin da uku ga Satumba, ina tsakiyar shiri an tafi talla, sai ga ta a ƙofar ɗakin watsa shiri. Ta hawo matakalar nan tamu mai tsayi da gwiwoyinta masu ciwo, tana haki.

"Inday Meding," in ji ta, yadda babba ke kiran ƙanwa a wurinmu, "wari nake yi?"

"Haba Manang, wace irin magana ce wannan? Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. In ba wari nake yi ba, me ya sa ina shiga kasuwa ake kashe rediyo? Jiya na laɓe a bayan kantin magani kamar ɓarauniya, don in ji ko baiti ɗaya. Yarinyar ta hango lemata ta kashe."

Na ce, "Mun ga yadda kika tashi ranar makoki, shi ya sa."

"Na tashi ne in yi kuka inda babu idon mutane. Kukan laifi ne? Wa ya aike ki ki hana ni shi?"

Da ƙyar na ce, "Babu waƙar a gida?"

"Ke ba ki san mutuminki ba? Duk faifan da ya shigo gidan sai ya kyautar. Wai me za a yi da faifai, ga mai waƙar a kicin. Wayata kuma ta amsa kira ce kawai." Ta jingina lemar da bango. "Wata guda ke nan, Inday. Kowa a garin nan yana jin mijina, sai ni."

Manong, Allah ya sani, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Talla ta ƙare, fitilar shiri ta kunna. Na zaunar da ita a kujerar baƙi, na sa mata abin ji a kunne, na danna maɓallin. Ƙarfe takwas da minti ashirin, an makara da kwana ashirin da biyu. Ta runtse ido. Da aka zo baiti na biyu, inda muryarka ke karyewa, ta ce a hankali, "Nan mura yake yi. Na ce ya bari sai ya warke, ya ƙi." Daga nan ta yi kukanta son ranta, ni ma na yi nawa. Da ta ƙare ta ce, "Sake." Na sake. Sau uku a jere muka sa ta, shugaban gidan ya leƙo ta gilashi, ya gan ta, ya koma. Da za ta tafi ta tsaya a bakin matakala ta ce, "Gobe ƙarfe nawa?" Na ce shida. Ta ce za ta tashi.

Ka yafe mini, Manong. Ita ta yafe, bayan ta yi mini tas.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu na har abada, ya haskaka makwancinka. Yadda ka share wa matan garin nan hawaye, ka shiga wurin ɗaurarru lokacin da danginsu suka guje su, Allah ya saka maka da abin da ya fi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Manang Petring, da Luningning da Isagani da 'ya'yansu, da ƙanwarka Consolacion, da dukan dangin Sumagaysay na nan da na ƙasashen waje. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya haɗa kanku, ya sa ku ga ƙarshen wannan shekara lafiya.

Ku kuma mutanen gari, na janye roƙona na farko, ga wani a madadinsa. Duk wanda ya hango Manang tafe da lemarta, waƙar tana kunne, don Allah ya ƙara sauti. Kunnenta na hagu ba ya ji sosai.

Allah ya jiƙan Manong Cleto. Amin.