Lambar da Ke Gindin Bindiga

Mahaifina tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa tun kafin a haife ni, da ya ajiye kaki sai ya koma Ngurore yana noman masara da gyaɗa. Ban taɓa jin ya ba da labarin yaƙi ba. In muka matsa masa da tambaya sai ya ce, "Ku je ku ba awaki ruwa." Sau ɗaya tak ya buɗe baki, kuma ni ne ban saurara ba.

A lokacin ina gyaran waya a Jimeta, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya a Alkalawa. Ba mata, ba wani aboki na kirki. Abokan hirata su ne waɗanda muke wasan harbi da su ta intanet, mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba, sai dai muryarsu a iyafis, abin sauraron da nake maƙalawa a kunne.

Wata Asabar da hantsi sai ga Baba ba sanarwa, sanye da farar rigarsa ta zuwa Juma'a, da ƙullin gyaɗa a leda. Na gaishe shi a tsaitsaye, na shimfiɗa masa darduma, na miƙa masa ruwa, na koma gaban talabijin kan wasana. An kawo wuta ke nan, ina tsoron kada a ɗauke.

Ya daɗe yana kallo. Can ya matso.

"Kai, wannan bindigar ai irin tamu ce. Doguwar nan."

Na zare iyafis na kunne ɗaya. Ya ce waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun yi ƙoƙari, don abin ɗanawa yana gefen hagu kamar na gaske, kuma tana tokarin kafaɗa in ta tashi. Sai ya yi dariya. "Amma wannan sojan naka aljani ne? Yana gudu da ita kamar karan rake. Tamu, in ka saɓa ta daga asuba zuwa azahar, kafaɗarka sai ta ce ba ta san ka ba. Ga shi ko sau ɗaya ba ta cije ba."

Ana haka sojana ya bi ta kan wani da aka kashe. Na danna maɓalli, ya yar da tasa ya ɗauki ta mamacin.

"Tsaya," in ji Baba. "Ta wa ka ɗauka?"

"Ta wanda ya mutu, Baba. Ta fi harsashi."

"Taka fa?"

"Na yar."

"Juya mini gindinta in ga lamba."

Babu lamba. Baba ya ce su kowace bindiga da lambarta, da farin fenti a gindi, kuma an san mai ita. Ba a yarwa. In mutum ya faɗi, na kusa da shi ke dawo da ita.

"Ni na taɓa dawowa da biyu," ya ce. "Tawa da ta wani ɗan'uwana soja. Kirista ne, daga kudancinmu nan. Kwano ɗaya muke ci. In na ta da salla shi ke tsaya mini."

Daidai nan abokan wasana suka hau ihu, ana cin mu. Na mayar da iyafis. Ta wutsiyar ido ina ganin bakin Baba yana motsi, yana nuni da hannu. Ni kuwa ina gyaɗa kai, ina cewa, "Haka ne, Baba. To, Baba." Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Da zagayen ya ƙare na zare, sai ƙarshen maganar na tsinta.

"An ce 'yarsa tana koyarwa a wata firamare a nan Jimeta. Uwarta na da cikinta ya rasu. Shi ya sa na zo, ka raka ni mu neme ta, kai ka san gari. Akwai saƙon da ya bar mini."

Na san ya faɗi sunan mutumin. Kunya ta hana ni cewa ban ji ba. Sai na ce rana ta yi zafi, kuma yau ba makaranta, mu bari sai wani mako. Ya dube ni, ya dubi talabijin, ya naɗe darduma da kansa.

"Allah ya kai mu," ya ce.

Na sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa tasha, na dawo na ci gaba da wasana. Makon ya zo ya wuce ban je ba. Bayan girbi ya kwanta kwana uku, ya rasu.

Na tambayi Inna, ta ce ita ma bai taɓa gaya mata ba. A akwatinsa na ƙarfe na samu wata tsohuwar takarda da lambobi biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ba suna.

Tun daga nan nake rufe shago da wuri ran Litinin, in bi makarantun firamare. Ina tambayar malamar da mahaifinta ya rasu a yaƙi tana ciki. Su ce sunanta fa? In ce ban sani ba. Sunan uban fa? In ce shi ma ban sani ba. Wata shugabar makaranta ta ce mini wataƙila ma ta yi ritaya.

Ko na same ta, saƙon ba ya wurina. Lamba kawai zan miƙa mata, kuma ban san wacce ce ta mahaifinta a cikin biyun ba. Makarantun Jimeta saura kaɗan. In sun ƙare zan haye gada in gwada na Girei.