Ɗamarar Saje Tankari

Shekara tara Maharazu ya yi a Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta. Duk wanda ya sauka a otal-otal ɗin unguwar Liuhua ya san shi: siriri, mai yawan murmushi, mai ƙarancin magana. Ba wanda ya san cewa mahaifinsa masaƙi ne, kuma shi ke saƙa jar ɗamarar ulu da sojojin Turawa ke ɗaurawa a ƙugu. Wata rana aiki ya makara, Saje Tankari ya taka masa yatsu da takalmin soja, ya ɗauke ɗamarar da ke kan masaƙa. Tsohon bai ƙara saƙa ba.

A 1998 sai ga Alhaji Shitu, ɗan Saje, ya zo sarin wanduna. Ya zaro ɗamarar daga jakarsa yana taƙama.

"Gadon gidanmu ke nan. A duk Kano babu irinta. Bakinta ya fara warwarewa, ka samo min mai gyara, kai da ka iya yarensu."

"An gama, Alhaji," in ji Maharazu, idonsa na kan baƙin zare uku da ke gefenta, alamar hannun babansa.

Bai nemi mai gyara ba. Masana'anta ya nufa da ita a garin Xintang, ya ce a buga masa irinta dubu biyar, har da koɗewar launin. Yana so kowane mai gadi da ɗan dako a Kano ya ɗaura gadon Saje.

Da ya koma karɓar ɗamarar ta asali, mai masana'antar ya girgiza kai.

"Meyo. Babu."

Ya miƙa masa leda cike da jan zare. A nan haka ake aiki, sai an warware abu an ƙirga zarensa kafin a kwaikwaye shi. Maharazu ya daɗe tsaye da ledar a ƙirji. Sai a lokacin ya gane ashe tun farko bai yi niyyar mayar wa Shitu da ɗamarar ba.

Ya zaro guda daga cikin dilar sababbin ya kai wa Shitu.

"Kai, ka ga aikin mutanen da!" in ji Shitu yana shafa ta. "Inji ya isa ya yi wannan?"

"Ina fa, Alhaji. Ka ɗaura ta ranar Sallah, kowa ya gani."

Kwantenar da ke ɗauke da sauran za ta riga Sallah isa Kano da mako biyu.