Jinyar Surukina

Ni aka bar wa jinyar surukina lokacin da hanjinsa ya murɗe, aka kwaso shi daga rugarsu ta wajen Zango zuwa asibiti a Daura. 'Ya'yansa maza suna Nijar da shanu, matata kuwa ba a barin ta kwana a ɗakin maza. Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, sai ga ni ina goge masa zufa.

An yi tiyata, ya farfaɗo. Nas ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ko ɗigon ruwa kada ka ba shi sai iska ta fita daga cikinsa. Tusa nake nufi. In ba ta fita ba, hanjin bai tashi ba ke nan, likita na iya mayar da shi ɗakin tiyata."

Na ga yadda aka fito da shi da farko, kamar gawa, na kuma san tsohon nan ba zai jure wuƙa ta biyu ba.

Na kafe a bakin gadon, salla kaɗai ke tayar da ni. Leɓɓansa suka tsattsage, cikin ya ɗaure tamau kamar ganga. Duk sanda nas ta tambaya, "Baba, ta fita?" sai ya juya wa bango fuska. Tsoro ya hana ni cin abinci. Me zan gaya wa 'yarsa?

Wani dattijo a gadon kusa, wanda aka yanke wa ƙafa, ya yafuto ni.

"Yaro, ɗansa ne kai?"

"Surukinsa ne."

"To ai kai ne cutar! Ka tsare shi da ido kamar mai gadin kasuwa. Mutuwa ta fi masa sauƙi a kan ya yi abin nan a gabanka. Tashi ka ba shi wuri."

Na durƙusa gaban surukina na ce, "Baba, zan leƙa kasuwa, sai la'asar."

Ban je ko'ina ba. Na zagaya bayan taga na tsuguna, ina roƙon Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba. Can na ji ta, doguwa, na ji dattijon ya ce, "Alhamdu lillahi!"

Nan na zauna a ƙasa na yi kuka. Sai la'asar na koma, don kada surukina ya gane.