Kwandon Wudil da Kwandon Zariya

Asabar: Wudil zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, muka tsaya bakin titi a Sabon Garin Wudil, ni da ɗalibina Sunusi. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare, shi kuwa ɗan Lajawa ne, dogon da sai ya sunkuya yake shiga aji. Zariya muka nufa, inda za a tantance matasa 'yan ƙwallon kwando, wanda aka zaɓa a ɗauki nauyin karatunsa. Mahaifinsa, Malam Idi, shi ya kawo shi a babur. Ya ce, "Malam, na ba ka shi kwana biyu. In ba su ɗauke shi ba, ya ajiye ƙwallon nan, gona na jiransa." Na ce to.

Bas ta tsallake gada, ta yi ta tsince-tsince a hanya, kilomita arba'in da 'yan kai suka ci mana awa guda. A tashar Unguwa Uku muka sha shayi da biredi, naira dubu ɗaya da ɗari biyu.

Kano zuwa Zariya

Bakwai da kwata motarmu ta tashi. Bayan Kwanar Ɗangora ɗan sanda ya leƙo, ya ga ƙwallo a cinyar Sunusi, ya ce ya taɓa yi a makaranta, ya ɗaga mana hannu. Direba kuwa ya ce, "Wai wannan ba wasan mata ba ne?" Na gyara zama. Na ce mutum biyar-biyar ake yi, ba a gudu da ƙwallo sai ana buga ta da ƙasa, jifa ɗaya maki biyu, daga nesa uku. Na ce a Amurka aka fara shi, da kwandon 'ya'yan itace. Ya ce, "Ashe dai 'yan gwari masu sayar da kayan lambu ne suka ƙirƙiro." Mota ta ɗauki dariya, ban da Sunusi.

Zariya

Goma saura muka shiga ɗakin wasan. Daɓen katako, sai sheƙi yake. Yara sun cika shi, daga Jos, Kaduna, har Makurɗi, ban taɓa zaton wasan ya yi jama'a haka ba. Mai tantancewar wata doguwar mata ce, Anti Ladi. Kowa jifa goma. Sunusin da a gida ba ya zubar da biyu, a nan biyu kacal ya ci. Sauran duk suka daki gaban ƙarfen kwandon suka dawo. Raina ya ɓaci, na ɗauka tsoro ne, har na yi masa tsawa a gaban mutane.

Da aka tafi hutu na tsaya ƙarƙashin kwandon ina huci, na ɗaga hannu haka kawai. A filinmu na Wudil ina taɓa ragar kwandon. Nan ko kusa. Sai na gane. Filinmu kwari ne, ruwa na kwanciya, don haka duk damina sai mu zuba marmara mu daddaɓe. Damina biyar muna ciko, ƙasa na hawa, kwando na nan inda yake, ba wanda ya sake gwadawa. Ni ne ma mai tsayawa a kan aikin, ina ta jin kaina.

Na je na faɗa wa Anti Ladi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ƙafa goma ne daga ƙasa, ko'ina a duniya. Ai na lura. Mai tsoro barkatai yake jifa, yaronka wuri ɗaya yake duka. Ya dawo gobe da safe."

Na ba Sunusi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Malam, mu nemi fili." Daga azahar har magariba yana jifa a wani fili a Samaru, ina tsinto masa ƙwallo. Muka kwana gidan wani abokina, aka cika mu da tuwon masara miyar kuka.

Lahadi: komawa gida

Takwas daidai aka kira shi. Jifan farko ya zube, na biyu ma. Na rufe ido. Sai na fara jin ƙarar raga, ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Da aka karanta sunayen waɗanda aka ɗauka, nasa ne na ƙarshe. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Sha ɗaya muka bar Zariya, ana kiran la'asar muka sauka a Wudil lafiya, mun gode Allah, mun gode wa Anti Ladi da mai masaukinmu. Malam Idi na zaune a kan babur a inuwa. Na ba shi labari kaf, har da laifina. Ya juya ga ɗansa.

"Yaushe za ka koma?"

"Bayan sati biyu, Baba."

Ya tayar da babur. "To hau mu je, a sayo maka takalmi. Gonar kuwa, zan iya da ita."