Rinin da Saude Ta Zo Nema

"Ai kin sani, Yaya Saude, wannan ba ya fita da wanki," in ji Dinatu. "Dusashewa yake yi a hankali. Bayan kamar wata biyu baƙin zai fara komawa ja-ja, furfura kuma ta leƙo daga tushe."

"Amma idan na kula da shi, zai kai ni wata huɗu da kwana goma?"

Dinatu ta ajiye matajin da ke hannunta. Ta dubi matar ta cikin madubi, matar kuwa tafin hannunta take kallo.

Dinatu 'yar Zonkwa ce. Ta biyo mijinta Joseph, mai gyaran wuta, zuwa Kazaure tun ɗansu Emma yana goye, ta kama wani ɗan shago a bayan kasuwa. Da kitso ta fara, amma rini ne ya fito da sunanta. Hannunta ba ya ɓata kunne ko goshi, kuma ba ta sallamar mace sai ta ja mata kunne: kada ruwa ya taɓa kan sai bayan kwana biyu ko uku, ban da ruwan zafi, ban da sabulun wanki, a riƙa shafa man kaɗanya, a rufe kai daga rana. Mata daga Gwiwa da Babura sukan biyo motar kasuwa su zo mata. Farcenta ya daɗe da rinewa, har a coci ana tsokanarta wai ta fi amare lalle.

Saude kuwa daga Roni take. Furfura ta kama ta tun tana da ƙuruciya, amma ba ta cikin masu zuwa a kai a kai. Wannan ne zuwanta na uku cikin shekaru masu yawa, kuma kowane zuwa da wannan tambayar take tafe.

A karon farko Dinatu ba ta gane komai ba. Ta ɗauka mace ce mai tsimi, ta yi dariya ta rina mata. Mako bai zagayo ba mijin Saude ya dawo daga gona ya ce kansa na ciwo, ya kwanta, bai tashi ba. A wajen gaisuwa ne wata tsohuwa ta bayyana wa Dinatu takaba: matar mamaci ba ta kwalliya, ba lalle, ba rini, har wata huɗu da kwana goma. A karo na biyu sai da ta gama wanke kan sannan lissafin ya faɗo mata. Miji na biyu, mai awon gyaɗa, a kan tabarmarsa ta kasuwa aka tarar da gawarsa.

Yanzu Saude na auren Muhammadu Lawal, ɗan acaɓa mai yawan raha, wanda ya sauke ta a ƙofar shagon ɗazu yana cewa a mayar masa da ita budurwa.

"Malam Lawal lafiyarsa ƙalau?" Dinatu ta tambaya.

"Ƙalau. Da safen nan ma ya cinye kwanon ɗumame."

"To me ya kawo wannan lissafin?"

Saude ta ɗora yatsa a tsakar kanta. "Wallahi ba na yin komai, Maman Emma. Wani sanyi ne ke sauka mini a nan, kamar an ɗiga ruwan randa. Shekaranjiya ya sauka. Na yi addu'a, na yi sadaka, bai tafi ba. Ba na son masu gaisuwa su tarar da ni kamar uwarsa."

Dinatu ta kawar da ido daga madubin. Ta san rini ba ya kashe kowa. Duk da haka sau biyu hannunta ya dama shi, sau biyu aka fita da gawa. Ta tura kwalayen rinin da ke kan tebur zuwa bayan kwalaben man gashi.

"Baƙin ya ƙare mini," ta ce. "Sai an kawo daga Kano. Ki bari sai wani watan."

Saude ba ta yi musu ba. Ta ɗauki ɗankwalinta ta fara ɗaurawa a hankali.

Sai ga ƙarar babur a waje, da sallamar Malam Lawal daga bakin labule.

"Madam Dinatu, an fara gyara mini tsohuwar?"

"Tsohuwa a gidanku," in ji Saude, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Rinin ne babu, Malam Lawal. Ku koma kawai."

"Haba, mu taso tun daga Roni a banza?" Ya yi dariya, ya miƙo hannu ta gefen labule da baƙar leda. "Ga shi nan. Ina wucewa ta gaban wani kanti na gan shi, haka kawai na ji in saya. Mai shagon ya ce shi ne mai daɗewa."

Hannun ya tsaya a iska, yana jira. Dinatu ta nemi wata ƙaryar ta rasa, ba ta kuma ga yadda za ta faɗa wa mutum mai dariya gaskiya ba. Ta karɓi ledar.

"Malam Lawal, yau ka huta mana. Ga benci nan a inuwa."

"Ranar kasuwa? Fasinja na jira na zuwa Gwiwa."

"To don Allah a tafi a hankali."

"Allah na nan, Madam."

Suka saurari babur ɗin har ƙararsa ta ɓace a bayan dutsen gari. Saude ta kwance ɗankwalin, ta sunkuyar da kai. Dinatu ta sa safar hannu, ta dama rinin a kwano, ta tsaga gashin gida-gida. Da yatsanta ya kai tsakar kan sai ta janye shi da sauri, domin wurin sanyi ƙalau yake, har ta cikin safar. Ta daure ta shafe ko'ina, ba ta bar sili ɗaya fari ba.

"Ki zauna haka ya kama," ta ce. Ta ɗauki bokiti ta nufi famfon bayan shago don ɗebo ruwan wanke kan.